Alƙali ɗan makarantarmu da buhun albasar da ya mayar mini

Ranar da labari ya iso cewa an ƙara wa abokin karatunmu girma an kai shi kotun ɗaukaka ƙara, zauren WhatsApp na amikal ɗinmu, wato ƙungiyar tsoffin ɗaliban lisenmu na nan Tawa, bai yi barci ba. Masu addu'a na yi, masu tono tsoffin hotuna na yi, har wani ya samo hoton ajinmu na shekarar jarrabawar bak, ga shi can a layin baya, siriri, cikin rigar da ta yi masa yawa. Kafin sallar isha'i an kafa kwamitin walima, an yanka wa kowa jika biyar. Na ji daɗi har cikin raina, domin na san daga inda ya taso. Can sai wani daga cikinmu, dattijo mai mutunci wanda ba na zargin sa da mugun nufi, ya rubuta: "Alhamdu lillahi, yanzu mun samu namu a sama." Aka yi ta amsawa da amin.

Kalmar nan ta "namu" ita ta hana ni sakat. Ni ma na taɓa faɗin ta, na kuma yi aiki da ita, saboda haka na san abin da take nufi idan dare ya yi, ƙafa ta ɗauke.

Ba zan kama sunansa ba, shi ma ba zai so ba. Ɗan wani ƙauye ne na Adar, tsakanin Tawa da Keita. Mahaifinsa, kamar dubban Adarawa, ɗan cin rani ne a Abijan, sai a yi damina biyu ba a gan shi ba. Yaron ya zo birni karatu ya sauka wurin wani tela ɗan garinsu, a gidan da babu lantarki, don haka a gindin fitilar bakin titi ya yi yawancin bitarsa, shi da sauro. Ranar Lahadi, ranar babbar kasuwa, dako yake yi ya samu na sabulu da na littafi. Ba shi ne na ɗaya a ajinmu ba, ba ya ma cikin biyar na farko. Maganarsa a hankali take fita, har mushe, wato malaminmu, kan ƙosa kafin ya ƙarasa amsa. Abu guda ne na riƙe game da shi tun wancan lokaci. Wata rana kuɗin wani ɗan ajinmu ya ɓace, aka taru a kan wani yaro da dama ba a so, har an fara cire ɗamara za a dake shi. Shi kuwa yana zaune bai tashi ba, ya ce: "Wa ya gani da idonsa?" Aka yi ta hayaniya, ya sake maimaitawa. Ba wanda ya gani. Ban san ko yaron ya ɗauka ko bai ɗauka ba, kuɗin dai ba a same shi ba, amma ranar ba a dake shi ba.

Bayan bak ya tafi Yamai ya karanta shari'a a Jami'ar Abdou Moumouni, a shekarun da yajin aiki da rashin biyan bursi suka sa karatun shekara huɗu kan ɗauki shida. Ya ci jarrabawar shiga aikin alƙalanci, ya yi horo a makarantar horar da ma'aikatan gwamnati ta ENAM, wadda ita ke horar da alƙalai kafin a buɗe makarantarsu ta musamman, EFJN. Ya yi rantsuwa, aka fara yawo da shi. Ya yi alƙalin bincike, ya yi shugaban ƙaramar kotu a garuruwan da alƙali ɗaya ke yin aikin mutum uku. Wannan jerin garuruwa shi za a karanta ranar walima, a tafa. Abin da ba za a karanta ba shi ne dalilin da ya sa aka ɗauke shi daga wani wuri bai cika shekara biyu ba, da abin da mu ƴan promonsa, wato abokan karatunsa, muka riƙa ɗora masa a kowane zango.

Ga nawa. Shekarun baya, lokacin yana aiki a wata kotu ta jihar nan, rikicin gona ya tashi tsakanin kawuna da maƙwabtansa a wata fadama da ake noman albasa. Wani ɗan zirin ƙasa ne da bai wuce taku goma sha ba a faɗi, amma rijiya na cikinsa, kuma wanda ya san noman rani ya san rijiya ita ce gonar. Dokar karkara ta 1993 ta ce kafin a kai rikicin ƙasa kotu sai an fara neman sulhu wurin sarakunan gargajiya. An je wurin mai gari, an je wurin sarki, sulhu ya ƙi, aka rubuta takarda, magana ta tafi kotu. Da Kawu ya ji sunan alƙalin, sai ya aiko a kira ni. Ya ce: "Ɗana, wanga alƙali ba abokinka ne ba? Tare kunka yi lakwal. Tahi ka gane shi. Ni ban ce a ba ni abin wani ba, a dai duba ni." Na ce to, Kawu. Ban yi gardama ba ko kaɗan, domin a raina ban ga laifin abin ba. Kawu shi ya biya mini kuɗin rajistar jarrabawar BEPC. In ban yi masa wannan ba, me zan yi masa?

Na isa garin bayan magariba, na ɗauki ɗan kabu-kabu, buhun albasa ɗaure a baya. Ba kuɗi na kai ba, kuma da wani ya ce mini toshiya na je bayarwa da mun yi faɗa. Tsaraba ce, gaisuwa ce, irin wadda kowa ke kai wa abokinsa. Ya fito da kansa, da jallabiya da silifa, ya rungume ni, ya sa aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ba a ciki ba, aka kawo ruwa. Muka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, har ya tuna sunan ƙanwata. Na ce: "Promo, wata ƴar magana ce ta kawo ni, ta Kawu." Ya ɗaga hannu. Ya ce: "Promo, tsaya. In maganar tana gabana a kotu, kada ka faɗe ta. In ka faɗa, gobe sai na sauka daga kanta." Na ce ai ba wani abu ba ne, bayani kawai zan yi masa don ya fahimta. Ya ce: "Ɗaya ɓangaren suna nan da za su ji bayanin?" Na yi shiru. Amma na riga na ambaci Kawu da sunan ƙauyen, kuma hakan ya isa. Ya kira ɗan kabu-kabun da ke jira, ya biya shi daga aljihunsa, ya ce a mayar da buhun tasha. Muka ci tuwo tare a tabarmar, muna hirar malamanmu na da, ni kuwa tuwon ba ya wucewa.

Washegari ya miƙa takardun shari'ar ga wani alƙali. Na yi fushi da shi kusan shekara biyu. Na faɗa a fada, wurin shayi, cewa girman kai ya shige shi, ya manta gindin fitila. Mutane da yawa suka taya ni.

Abin da ya sauya mini tunani ba wa'azi ba ne. Ranar zaman kotu na raka Kawu, sai na ga waɗanda yake shari'a da su. A bakin Kawu "mutanen can" ne, na ɗauka wasu ƙarfafa ne. Ashe wata tsohuwa ce da mijinta ya rasu, da jikanta da bai wuce shekara goma sha biyar ba. Ɗanta yana Libiya, an daɗe ba a ji ɗuriyarsa ba. Tana zaune a bakin benci, ta ajiye takalmanta a ƙofa kamar mai shiga masallaci, ta ƙulle takardar sarki a bakin zanenta. Alƙali na magana da Faransanci, tafinta na juyawa, ita kuwa ba ta san wanda za ta kalla ba, ko mai baƙar riga, ko tafinta, ko dattawan nan biyu masana al'ada da doka ta ce su zauna tare da alƙali a shari'ar gona da gado da aure. Duk wanda ya yi magana sai ta ce "ranka ya daɗe". Ina kallon ta sai tambaya ta faɗo mini: ita wa ke promonta? Ba ta taɓa shiga aji ba. Ɗanta bai shiga ba. A duk danginta babu mai lambar wayar wani alƙali. Abin da take da shi kawai shi ne fatan cewa mutumin da ke kan kujera bai ci tuwo da abokin shari'arta jiya da dare ba. Ni kuwa abin da na ɗauro albasa na je in ƙwace mata ke nan.

Kawu bai samu rijiyar ba. Har ya koma ga Allah yana cewa da abokina ya so da ya taimaka. Ina ƙaunar Kawu, kuma har yau ban iya rantsuwa a kan wa ke da gaskiya a iyakar nan ba, shari'a saɓanin hankali ce. Abin da na tabbata shi ne, da an yanke ta a tabarmar ƙofar gida, ko da Kawu ne mai gaskiya, da zalunci aka yi.

Mu ƴan boko mun fi kowa kuka da kotuna. A fada, a rediyo, a Facebook, kullum maganar ita ce shari'a ta lalace, mai kuɗi da mai uwa a gindin murhu su ke cin nasara. Gaskiya ne, amma mu ne gindin murhun. Manomi a Bagaruwa ko makiyayi a Abalak ba shi da hanyar isa gidan alƙali da dare. Mu ke da ita. Mu ne muka zauna benci ɗaya da shi, muka san matarsa, muka je sunan ƴaƴansa. Alƙali yana iya korar ɗan kasuwar da ya zo masa da ambulan, ya ma ji daɗin korar. Wanda ke da wuyar kora shi ne abokin da ya raba masa gari da ƙuli-ƙuli ranar da ba shi da ko dala, ko tsohon mushensa da ya zo da sanda yana rawar jiki, ko surukinsa. Waɗannan ba sa ba da komai, kunya suke sa shi, kuma a ƙasar Hausa kunya ta fi kuɗi nauyi. Mutum ya ƙi kuɗi a yabe shi. Ya ƙi ɗan'uwa kuwa, sai a ce ba shi da zumunci, maganar ta bi shi har wurin jana'iza.

Na san amsar da za a ba ni, domin ni ma na bayar da ita: ba mu ce a karkata hukunci ba, a dai hanzarta, a duba takardar kada ta kwana. To, takardu a kan teburin alƙali layi ne. In aka ciro taka daga ƙasa aka ɗora a sama, ta wani ce ta koma ƙasa, kuma mai yiwuwa wanin nan yana gidan kaso yana jiran a saurare shi. Kowa ya san gidajen kasonmu, tun daga na Yamai, cike suke da mutanen da ba a yanke wa hukunci ba, wasu wata da watanni. Alfarmar da nake gani ƙarama, wani ne ke biyan ta da kwanakin ransa, bai kuma san ni ba balle ya yafe mini.

Abin mamaki, addinin da muke taƙama da shi bai bar mana wata kafa a nan ba. Lokacin da wata mata daga Banu Makhzum ta yi sata, Ƙuraishawa suka rasa mai tunkarar Manzon Allah (SAW), sai suka tura Usama bin Zaid saboda sun san yadda yake ƙaunar sa. Ba kuɗi Usama ya kai ba, kusanci ya kai. Manzon Allah ya nuna ɓacin ransa, ya ce abin da ya halaka mutanen da shi ne in babba ya yi sata su ƙyale shi, in mai rauni ya yi su tsayar masa da haddi, ya kuma rantse cewa da Faɗima ƴarsa ce da an yanke hannunta. Akwai kuma ma'aikacin zakka da ya dawo yana cewa wannan naku ne, wannan kuwa kyauta aka ba ni, Manzon Allah ya ce me ya hana shi zama a gidan uwarsa da ubansa ya ga ko za a kawo masa kyautar? Duk shekarun da abokina ya yi a gidan tela ban taɓa kai masa buhun albasa ba. Sayyidina Umar ya rubuta wa Abu Musa al-Ash'ari cewa ya daidaita mutane a fuskarsa da mazauninsa da hukuncinsa, don kada babba ya yi kwaɗayin a karkata masa, kada kuma mai rauni ya fid da tsammani. Har a fuska, wato har murmushi. Kuma ba sai mun je nesa ba: Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta a 1754, nan kusa da Galmi a jiharmu, cikin abubuwan da ya soki sarakunan zamaninsa da su a Kitabul Farƙ har da abin da ya kira da sunansa na Hausa, gaisuwa. Shekara fiye da ɗari biyu ke nan, kalmar ba ta canja ba, buhun ma bai canja ba.

Ba ina cewa mu kaɗai ne matsalar ba. Alƙali a ƙasar nan tsakanin duwatsun niƙa biyu yake, kuma na sama ya fi nauyi. Duk wanda ya kai shekarun hankali a 2009 ya ga abin da ya faru. Shugaba Tandja Mamadou ya nemi tazarce ta hanyar zaɓen raba gardama. Kotun tsarin mulki, ƙarƙashin Madam Salifou Fatimata Bazèye, ta ba da ra'ayi ranar 25 ga Mayu cewa hakan ya saɓa wa kundin tsarin mulki. Washegari aka rusa majalisar dokoki. Ranar 12 ga Yuni kotun ta soke dokar da ta kira zaɓen. Ranar 29 ga Yuni ita ma kotun aka rusa ta, aka yi zaɓen ranar 4 ga Agusta. Ba a cika wata bakwai ba sojoji suka kifar da gwamnatin ranar 18 ga Fabrairu 2010, aka dawo da matar nan ta shugabanci majalisar tsarin mulki ta riƙon ƙwarya, jaridar Daily Trust ta Najeriya kuma ta zaɓe ta gwarzuwar Afirka ta 2011. Yau kowa na yabon ta. Ina so a tuna cewa a watan Yunin 2009 ba ta san za a yi 18 ga Fabrairu ba. Abin da ke gabanta a lokacin shi ne rasa kujera da fushin mai iko, ta kuma sa hannu.

Nata ya fito fili saboda babbar kujera ce. Na ƙananan alƙalai ba ya fitowa, domin makamin da ake amfani da shi a kansu ba ya ƙara: afektasiyon, wato canjin wurin aiki. Kundin tsarin mulki na 25 ga Nuwamba 2010 ya ce alƙalan zaman kotu ba a tumɓuke su yadda aka ga dama, amma majalisar ƙoli ta alƙalai, mai duba naɗi da canjin wuri, shugaban ƙasa ne ke shugabantar ta. An yi babban taron ƙasa kan shari'a a Yamai a Nuwamba 2012, an yi ta magana a kan ƴancin alƙalai. Ƙungiyarsu ta SAMAN ta yi shekaru tana kuka da katsalandan a ƙarƙashin gwamnatoci daban-daban. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an jingine kundin baki ɗaya, a watan Agusta 2025 kuma aka rusa SAMAN ɗin tare da wasu ƙungiyoyin ma'aikatan shari'a. Kowa da ra'ayinsa game da waɗannan gwamnatoci, ba shi ne zancena a nan ba. Zancena shi ne, a kowane zamani, alƙalin da ya yanke abin da bai yi wa mai ƙarfi daɗi ba ya san ana iya wayar gari a tura shi Bilma ko Ngigmi a tsakiyar shekarar karatun ƴaƴansa. Mutanen Bilma ma sun cancanci alƙali nagari, amma kowa ya san bambancin aika mutum aiki da jefar da shi.

Abokinmu ya taɓa shan irin wannan. An ɗauke shi ba zato daga wata kotu bayan wata shari'a da ta shafi wani mai faɗa a ji, aka kai shi nesa. Bai taɓa ba ni labarin ba, a bakin matarsa iyalina suka ji. Ya bar ƴaƴansa wurin ƙaninsa don kada karatunsu ya lalace. A wancan lokaci amikal ɗinmu, mai kwamitin walima a yau, ba ta ce uffan ba. Ba mu kafa kwamiti ba, ba mu yanka wa kowa jika biyar ba. Ni kaina ban kira shi ba, ina cikin fushin albasa. Wasu ma cewa suka yi shi ya ja wa kansa, mutum ya riƙa sanin inda zai taka. Wato ranar da ya fi buƙatar a ce masa "namu", ranar ba wanda ya faɗa. Sai da ya hau inda zai yi mana amfani muka tuna da kalmar.

Kada a ɗauka ina wanke duk mai baƙar riga. Akwai alƙalan da ke ci, akwai masu dillalai a bakin kotu da kowa ya san su, akwai waɗanda gidan da suka gina albashinsu na shekara talatin ba zai gina shi ba. Ba banza ba ma'aikatar shari'a ta buɗe layin waya na kai ƙorafi a 2011, shekarar da aka kafa hukumar yaƙi da cin hanci ta HALCIA. Hadisi ya ce alƙalai uku ne, biyu a wuta, ɗaya a aljanna, kuma wanda ya karɓi kujerar ya san da haka. Wanda ya ci amana shi zai ɗauki kayansa. Sai dai ban yarda cewa mutum na kwana da gaskiya ya tashi da cin hanci ba. Da kaɗan-kaɗan ake farawa, kuma na farkon kusan kullum na gida ne: alfarma ga aboki, ragon layya daga wani ɗan gari, taimakon biki da ya fi ƙarfin zumunci. Idan baki ya ci, ido sai ya ji kunya. Wanda ya saba jin kunyar abokinsa, ranar da baƙo ya zo da ambulan zai tarar ƙofa a buɗe take.

Akwai wata hujja da na fi girmamawa, ita ce ta masu cewa: in kotu na tafiya daidai wa zai nemi hanya? Mutum na zuwa sau biyar ana ɗage zama, kuɗin mota ya ƙare, lauyoyi kusan duk suna Yamai, kilomita fiye da 500 daga nan, takarda kuma da harshen da ba ya ji. Dole ya nemi wanda ya sani. Na yarda da duk wannan. Amma in mu masu ilimi kowa ya samu ƴar ƙofarsa ta baya, wa zai yi faɗan a gyara ƙofar gaba? Mu ne masu iya rubutu, masu iya magana a rediyo, masu iya zama da gwamna. Muddin muna da promo a kowace kotu, jinkirin ba zai taɓa ƙona mu yadda yake ƙona tsohuwar nan ba. Tun 2011 aka yi dokar kafa ANAJJ, hukumar da aikinta shi ne taimaka wa marasa hali da shawara da lauya. Mu nawa ne a amikal muka taɓa kama hannun wani talaka muka kai shi ofishinta? Kundin da aka ƙaddamar a Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa. Mu nawa ne muka tambayi yaushe mai shari'a zai samu kwafin hukuncinsa da harshen da zai iya sa a karanta masa a zaure ya gane? Wannan faɗa ne da ya dace da tsoffin ɗalibai, kuma ba ya buƙatar zuwa gidan kowa bayan magariba.

Ina alfahari da mutumin nan, kuma ina so yaran da ke zaune yau a azuzuwan da muka bari su san shi. Ina so ya tsaya gabansu ya ba su labarin gidan tela da dakon ranar Lahadi, ya yi musu bayani da Hausa mene ne bambancin alƙali da mai gabatar da ƙara, me ya sa ake da wa'adin ɗaukaka ƙara, me ya sa ake zaton mutum ba shi da laifi har sai an tabbatar. Yarinyar da ke layin baya ta ji cewa matar da ta ce wa shugaban ƙasa a'a ita ma daga benci ta fara. Makaranta na da haƙƙi a kansa, wannan shi ne haƙƙin. Hukuncinsa kuwa ba na makaranta ba ne, ba na Adar ba ne, ba na ƴan promo ba ne. Rantsuwar da ya yi ba mu ya yi wa ba.

Mun shirya da shi ranar sadakar ukun Kawu. Ban sanar da shi rasuwar ba, ya ji a wani wuri, ya yi tafiyar kwana guda ya zo. Ya zauna a gefen tabarma cikin jama'a, ya yi addu'a, ya yi wa ƴaƴan Kawu ta'aziyya ɗaya bayan ɗaya, wasu suka amsa da ƙyar. Da zai tafi na raka shi bakin hanya. Na ce: "Promo, ka yafe mini." Ya ce: "Ba komai. Ka san abin da ya fi mini wuya a aikin nan? In na ga lambar ɗan promo a waya, sai gabana ya faɗi kafin in ɗauka." Mutumin da ya yi shekara bakwai yana cin gari a kwano ɗaya da mu ke faɗin haka.

Na biya jika biyar ɗina na walima. Na kuma rubuta a zauren cewa ina da shawara biyu: kada a ba shi ambulan ko wata kyauta mai tsada a wurin taron, a sayi littattafai da kuɗin a kai ɗakin karatun makarantar da sunansa, sannan a rubuta a dokokin amikal cewa duk wanda ke da shari'a, shi ko danginsa, ba zai je wa wani alƙali ɗan makarantarmu da ita ba, shugabanni kuma ba za su raka kowa ba. Mutum huɗu suka goyi baya. Wani ya kira ni a waya ya ce in janye ta biyun, domin tana nuna kamar ana zargin mutane. Na ce masa ni na fara aikatawa, kuma a shirye nake in faɗi haka a gaban taro. Shugaban amikal ya ce za a duba maganar a zaman da za a yi bayan salla.